Tukunyar Nukiliya Mai Tsananin Zafi: A Nemi Ilminta Kafin a Yi Cinikinta

A cikin watan Disamba na shekarar 2023 aka yi wani abu a gaɓar teku ta lardin Shandong, a ƙasar Sin, wanda galibinmu ba mu ji labarinsa ba, waɗanda suka ji kuwa ba su tsaya sun auna nauyinsa ba. A wani wuri da ake kira Shidaowan, wata tashar lantarki ta nukiliya ta shiga aikin sayar da wuta ga jama'a sosai, bayan shekara goma sha ɗaya da aza harsashinta. Ba wata ƙatuwar tasha ba ce, domin ƙarfinta duka megawat 210 ne, watau bai kai ko sulusin abin da aka gina madatsar Kainji ta bayar ba. Abin da ya sa ta zama abin magana shi ne irin tukunyar da ke cikinta, wadda masana suka shafe fiye da shekara hamsin suna fama da ita, ƙasashe masu ƙarfi suka zuba dukiya a kanta suka gaji suka janye.

Na ga ya kamata a kawo wannan magana cikin mujallarmu domin duk lokacin da aka ambaci nukiliya a tsakanin ɗalibai, sai ka tarar mun rabu gida biyu. Akwai waɗanda da jin sunan sai su tuna da bom ɗin Hiroshima, su ce a kai kasuwa. Akwai kuma waɗanda duhun ɗakunan kwana ya ishe su, suna ganin da gwamnati za ta sayo tukunya guda, da an huta da ƙarar janareto har abada. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci. Mu da muke cikin jami'a, da 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, mu ne wata rana za a ajiye wa takardar yarjejeniya a gabanmu a ce mu sa hannu. Wanda bai san kan abu ba kuwa, ko dai ya ƙi alheri, ko kuma ya sayi wahala da kuɗin talakawa.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Kowace tashar nukiliya, in an bi ta a hankali, murhu ce kawai. Ana farfasa ƙwayoyin zarra na ma'adinin yuraniyom, zafi ya fito, zafin ya dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya farfelar injin da ke ba da lantarki. Mafi yawan tukwanen da ke aiki a duniya da ruwa ake kwashe zafinsu. Amma ruwa yana da iyaka: don kada ya tafasa a cikin tukunya sai an danne shi da matsi wanda ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150, duk da haka zafinsa ba ya wuce digiri 320 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyos. Saboda wannan ne kashi ɗaya cikin uku kawai na zafin yake komawa lantarki, sauran ya tafi a banza cikin kogi ko teku.

Ita wannan tukunya da muke magana a kanta da iskar hiliyom ake kwashe zafinta, irin iskar nan marar nauyi da ake hura balan-balan da ita. Hiliyom ba ya kama wuta, ba ya cin ƙarfe, ba ya haɗuwa da kome ya zama wani abu, kuma tun da can iska ne, saboda haka babu zancen ya tafasa ya ƙafe. Cikin tukunyar kuma da girafait aka gina shi, watau baƙin abin nan da ke cikin fensir, wanda yake jure zafin da zai narkar da ƙarfe. A Shidaowan iskar tana shiga da zafin digiri 250, ta fito da 750. A ƙasar Japan an kai ta 950. Da irin wannan zafi ana iya mayar da fiye da kashi 40 cikin ɗari ya zama lantarki.

Babbar hikimar tana cikin makamashin. Ana ɗaukar ɗan ƙwayar yuraniyom wanda faɗinsa rabin milimita ne, a lulluɓe shi da riga huɗu: uku na kabon, ɗaya kuma ta wani abu mai tauri kamar tangaran da ake kira silikon kabaid. In an gama, ƙwayar duka ba ta kai girman ƙwayar gero ba, amma tana iya riƙe dattin nukiliyar da ke cikinta har zuwa zafin digiri 1,600. Sa'an nan a tara kimanin ƙwaya 12,000 a dunƙule su cikin girafait su zama ƙwallo mai faɗin santimita 6, kamar lemon zaƙi. Kowace tukunya a Shidaowan, su biyu ne suna juya inji ɗaya, tana ɗauke da ƙwallo wajen 420,000. Ana zuba su ta sama, suna gangarowa sannu a hankali, ana zare su ta ƙasa, a auna, wanda bai ƙare ba a mayar da shi sama. Watau ba a kashe tukunyar don a sa mata makamashi.

To, me ya sa ake cewa ba ta narkewa? Mai karatu zai tuna da abin da ya faru a Fukushima ta ƙasar Japan cikin watan Maris na 2011. Da girgizar ƙasa ta zo, tukwanen sun kashe kansu kamar yadda aka tsara. Amma tukunyar nukiliya kamar murhun da aka janye wa itace ce, garwashin yana nan da zafinsa na kwana da kwanaki. Da igiyar ruwa ta cinye injunan da ke ba famfuna wuta, ruwan sanyayawa ya tsaya, sai wannan ragowar zafi ya narkar da cikin tukwane uku. Masu tsara tukunyar hiliyom sun bi ta wata hanya dabam. Sun yi ta siririya doguwa, faɗinta mita 3, tsawonta mita 11, suka kuma rage yawan zafin da ke fita daga kowane ɓangare nata ya zama kimanin kashi ɗaya cikin talatin na tukunyar ruwa. Har ila yau, ɗabi'ar yuraniyom ce idan ya yi zafi ƙwarai sai farfashewar ta ragu da kanta. Saboda haka in famfo ya tsaya, wutar takan lafa, ragowar zafin kuma ya fice ta jikin bango kamar yadda tukunyar ƙasa take hucewa in an sauke ta. A shekarar 2023 injiniyoyin Sin suka gwada wannan a fili: suka yanke wa tukwanen nan biyu wutar famfo, ɗaya bayan ɗaya, suna cikin aiki, suka zuba ido. Tukwanen suka huce da kansu ba tare da an sa musu hannu ba. Japanawa ma sun yi irin wannan gwaji a tasu ƙaramar tukunya cikin Maris na 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai adalci tilas ya yarda da haka.

Amma ni a ganina darajar wannan tukunya ba a lantarki ta fi yawa ba. Lantarki ana samunsa ta hanyoyi da dama, waɗansu ma sun fi arha nesa ba kusa ba, musamman hasken rana wanda kuɗin kayansa ya faɗi warwas cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce. Abin da yake da wuyar samu ba tare da ƙona gawayi ko mai ko gas ba shi ne zafi mai tsanani, dare da rana, irin wanda matatun mai da masana'antun sinadarai suke bukata. A nan ne zancen iskar haidirojin ya shigo.

Duniya tana amfani da haidirojin fiye da tan miliyan 90 kowace shekara. Da shi ake tace man fetur, da shi kuma ake yin amoniya, wadda ita ce uwar takin zamani irin su yuriya da manomanmu suke layi a kansa kowace damina. Kusan dukkan wannan haidirojin daga gas da gawayi ake tatso shi, kuma kowane kilo guda da aka samu daga gas yana tafe da kimanin kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya. In an haɗa jimla, hayaƙin ya kai wajen tan miliyan 900 a shekara. Ga shi kuwa ruwan da muke sha haidirojin ne haɗe da iskar oksijin, sai dai raba su yana cin ƙarfi mai yawa. Tun cikin shekarun 1970 wani kamfanin Amurka, General Atomics, ya fito da wata dabara ta raba ruwa da zafi, ta amfani da aidin da farar wuta. Ana haɗa ruwa da aidin da hayaƙin farar wuta, su ba da asid iri biyu. Ɗaya irin ruwan batir ne, wanda in an gasa shi da zafin digiri 850 sai ya saki oksijin. Ɗayan kuma in an gasa shi da zafin da bai kai wannan ba sai ya saki haidirojin. Aidin da farar wutar su koma farko a sake juyawa da su. Abin da ke shiga ruwa ne da zafi, abin da ke fita haidirojin ne da oksijin. Tukunyar ruwa ba za ta taɓa kai wannan zafi ba, ta hiliyom kuwa tana kaiwa.

Sai dai a nan ne nake so 'yan'uwana masu ɗoki su ja linzami. Har yau ɗin nan babu wata tukunya irin wannan a duniya da take samar da haidirojin na sayarwa. Ta Shidaowan zafinta 750 ne, bai isa wannan dabara ba. Ta Japan, wadda ke garin Oarai, ƙarama ce ta bincike mai ƙarfin zafi megawat 30. Ta fara aiki a 1998, ta kai digiri 950 a 2004, ta yi kwana 50 a jere a kan wannan zafi a 2010, sa'an nan aka rufe ta shekara goma bayan abin da ya faru a Fukushima, sai 2021 ta komo. Dabarar aidin da farar wuta kuwa a wani ɗakin gwaji dabam suka jarraba ta, da zafin lantarki, inda a 2019 suka yi awa 150 suna samun lita 30 kacal a kowace awa. Matsalar ita ce asid mai tafasa a irin wannan zafi yana cin kusan kowane irin ƙarfe. Shi ya sa shirin da Japanawa suka sa gaba na farko shi ne su haɗa tukunyar da tsohuwar hanyar nan ta gas, zafin nukiliya ya maye gurbin gas ɗin da ake ƙonawa kawai. Ke nan hayaƙin zai ragu, amma ba zai ƙare ba. Duk wanda ya zo ya ce mana haidirojin na nukiliya ya nuna, a tambaye shi a wace kasuwa ya gan shi.

Tarihin tukunyar ma kansa ya isa ya koya wa mutum haƙuri. Ingila ce ta fara da wata ƙarama mai suna Dragon a 1964, aka rufe ta bayan shekara goma sha ɗaya. Amurka ta yi ƙarama a Peach Bottom ta yi kyau, sai ta gina babba mai megawat 330 a Fort St. Vrain, jihar Colorado. Ruwan da ke sanyaya ƙafafun famfunan iskar ya riƙa tsiyaya cikin tukunya, tashar ta fi zama a rufe da aiki, aka haƙura da ita a 1989. A Jamus, inda Farfesa Rudolf Schulten ya bunƙasa dabarar ƙwallayen, ƙaramar tukunyar Jülich ta yi aiki daga 1967 zuwa 1988, amma daga baya aka gano cewa waɗansu wurare a cikinta sun yi zafi fiye da yadda aka lissafa, ƙurar girafait mai ɗauke da guba ta gurɓata cikinta, aikin rushe ta kuma ya ci kuɗi mai ɗimbin yawa. Babbar da suka gina a Hamm mai megawat 300 ta riƙa farfasa ƙwallayenta, a watan Mayu na 1986 kuma, 'yan kwanaki bayan bala'in Chernobyl, ta saki 'yar ƙura mai guba, jama'a suka daina yarda da ita, aka rufe ta a 1989. Ban da wannan, girafait mai zafi ba ya shiri da iskar waje ko ruwa in sun kutsa ciki, dattin da tukunyar take bari kuma ya fi na tukunyar ruwa cika wuri, ko da yake a ɗaure yake cikin rigunansa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Afirka ta Kudu. Tun cikin shekarun 1990 kamfanin lantarkinsu, Eskom, ya karɓi fasahar Jamusawa da niyyar ya gina irin wannan tukunya a Koeberg, kusa da Cape Town, ya kuma riƙa sayar wa duniya. Aka ɗauki ɗaruruwan injiniyoyi, aka yi ta canza zane, aka kashe fiye da rand biliyan 9, mafi yawansa kuɗin gwamnati. A 2010 aka rufe shirin, ba a aza ko tubali ɗaya na tukunyar ba, ba a kuma sami mai saye ko ɗaya ba. Da yawa daga cikin ƙwararrun da ƙasar ta horar da kuɗinta suka watse zuwa ƙasashen waje, waɗansu suna aiki a kamfanonin Amurka masu neman gina irin wannan tukunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, me Sin ta yi wanda sauran ba su yi ba? Amsar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. A jami'a aka reni wannan aiki. A farkon shekarun 1980 wani malamin Jami'ar Tsinghua ta birnin Beijing, Wang Dazhong, ya je Jülich ya yi karatu a kan tukunyar Jamusawa, ya koma gida da ilminta. Lokacin da Jamusawa suke rufe tasu, shi da abokan aikinsa suna zane. A 1995 suka fara gina 'yar ƙarama mai ƙarfin zafi megawat 10, ta kama wuta a 2000, ta kai cikakken ƙarfinta a 2003. A kanta suka koyi dunƙula ƙwallayen da hannunsu, suka yi kurakuransu a inda kuskure ba ya da tsada, suka yaye ɗalibai bi da bi. Sai a ƙarshen 2012 aka fara ginin Shidaowan, wanda shi ma ya ci lokaci fiye da yadda aka tsara, domin sai Disamba 2021 ya fara ba da wuta. In ka lissafa daga tafiyar malamin zuwa ranar da tashar ta shiga kasuwa, shekara arba'in ke nan. Gwamnatoci sun canza shugabanni, amma ba a yanke wa aikin abinci ba. Afirka ta Kudu ta so ta fara da kasuwa, Sin ta fara da aji da ɗakin gwaji. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ina ruwanmu da duk wannan? Ruwanmu a ciki yana da yawa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, an kuma shafe shekaru masu yawa ana kai shi Turai, amma har yanzu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a ƙasar, kuma ta yi shekara da shekaru tana sayo mafi yawan wutar da take amfani da ita daga Nijeriya. Wanda ya ga haka zai ce ai sai mu gina tukunya mu ƙona abinmu. Amma garin yuraniyom da ke fita daga Arlit bai zama makamashi ba tukuna. Sai an tace shi an ƙara masa ƙarfi, kuma irin wannan tukunya tana bukatar wanda ya fi na sauran ƙarfi: na Shidaowan kashi 8.5 cikin ɗari ne, alhali tukwanen ruwa ba sa wuce kashi 5. Ƙasashe ƙalilan ne suke da masana'antar yin haka, kuma ba su sakin sirrinta. Mai ma'adini da bai iya sarrafa shi ba, dako kawai yake yi wa wani.

A Nijeriya kuma an kafa Hukumar Makamashin Nukiliya da doka tun 1976, amma sai 2006 ta fara aiki sosai. Tukunya ɗaya tak muke da ita, 'yar ƙarama ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda Sin ta ƙera, ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. A 2017 aka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a kan manyan tashoshi, har an ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Amma akwai ƙa'idar da masana suke bi, cewa kada inji ɗaya ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin wutar ƙasa duka, don kada ranar da ya tsaya ya ja kowa cikin duhu. Wutar da ake rabawa a Nijeriya tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, babbar tukunyar zamani kuwa ita kaɗai 1,200 ce. Ta wannan fuska ƙananan tukwane irin na Shidaowan sun fi dacewa da ƙasashe irin namu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba.

Duk da haka ra'ayina shi ne kada ƙasashenmu su yi cinikin wannan tukunya yanzu. Tasha ɗaya ce tak irinta take aikin kasuwa a duniya, kuma shekarunta ba su kai a san yadda za ta tsufa ba. A bari masu kuɗi su gina ta biyu da ta biyar da ta goma, a ga farashinta na gaskiya. Kafin nan muna da rana da ba ta ƙarewa, muna da gas da har yanzu ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta, muna da layukan wuta da suke faɗuwa sau da yawa a shekara, waɗanda ko an kawo tukunyar zinariya ba za su iya ɗaukar wutarta ba. Takinmu ma daga gas ɗinmu ake yinsa a Lekki da Eleme, ba mu da gaggawar haidirojin na nukiliya.

Abin da ba za a jinkirta ba shi ne ilmin. Ƙungiyar ɗalibai tana da bakin da za ta nemi a ƙarfafa sassan kimiyyar lissafi da fizis da injiniyan sinadarai da na ƙarafa, a buɗe ƙofar cibiyar Zariya ga ɗaliban sauran jami'o'i har da na Nijar, a tura masu hazaƙa Tsinghua da Oarai da sharaɗin su komo, a kuma tanadar musu abin da za su tarar in sun komo, don kada mu maimaita hasarar Afirka ta Kudu. Haka kuma hukumar da ke sa ido a kan harkar nukiliya tana bukatar ma'aikata waɗanda za su iya karanta zanen tukunya su ce wa ɗan kwangila a'a, ko da minista ne ya kawo shi. Irin waɗannan mutane ba a samunsu cikin shekara biyu ko uku.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, wanda yake aji ɗaya a bana zai kusanci shekara sittin lokacin da shekara arba'in irin ta Tsinghua ta cika. Ko ƙasashenmu su wayi gari a wannan rana da mutanen da suka san cikin tukunyar da wajenta, su zauna a teburin ciniki kai a ɗage, ko kuma su sake miƙa ma'adininsu da kuɗinsu su karɓi mabuɗin abin da ba su iya gyarawa ba. Wannan zaɓi a ɗakunan karatunmu za a yi shi, kuma tun yanzu aka fara.